Zanen Bature a Ɗakin Yaya

Damina bakwai ke nan ana ruwa a Jos babu Yaya. Ranar da muka kai ta makwancinta ma yayyafi ake yi, irin wanda ba ya jiƙa riga sosai sai dai ya shiga ƙashi. Tun daga lokacin, duk shekara idan gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsun garin nan, sai in ji kamar yanzu muka dawo daga maƙabarta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Yaya mahaifiyata ce. Na taso na ji ƙannenta suna kiranta haka, na ɗauka, kuma ba wanda ya gyara mini, domin ni ne ɗanta na fari.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Yaya ba ta taɓa faɗin sunana ba. Sunana Haruna, amma idan tana ba ƙannena labarin annabawa ta iso kan mai sunana, sai ta ce ɗan'uwan Annabi Musa, ta wuce. Ba ta kallon fuskata. Ban tuna ranar da hannunta ya sauka a kaina ba, ko da zazzaɓi nake yi sai dai ta aiko Goggo, ƙanwar babanmu, ta taɓa goshina. Idan abinci ya sauka ba ta ce mini zo ka ci, sai ta gaya wa iska: "A ci abinci kada ya huce." Kunyar ɗan fari ce, duk unguwa an sani, har yaba mata ake yi a kai. Ni ma na sani a kaina, amma zuciyata ba ta taɓa karɓa ba. Na girma, na yi aure, furfura ta fara fito mini, ina ɗauke da tambaya guda da ban iya yi wa kowa ba: shin matar nan tana sona, ko kuwa kunyar ta samar mata wurin ɓuya ne kawai?

Ba zan iya ba da labarinta ba tare da zanen ba, domin bayanta na fi gani, kuma duk inda bayanta yake, zanen ne a gabanta.

Babanmu kuku ne a gidan wani Bature injiniyan kuza, wanda leburori suke kira Mai Lofe. Da harkar kuza ta fara mutuwa, Turawa suka shiga haɗa kaya, Mai Lofe ya kira Baba ya ce ya zaɓi abu ɗaya a falo. Baba rediyo yake so. Matar Bature ta riga shi, ta sauke wani zanen fenti daga bango ta ɗora masa a hannu, ta ce tun da aka kawo ta gidan abin nan yake hana ta jin daɗin abinci. Haka Baba ya turo shi a kan keke har gidanmu na Angwan Rukuba, fuska a ɗaure, ina ƙaramin yaro ina bin sa a baya.

Girmansa ya kai ƙaramar taga. Yana cikin katako mai ruwan zinariya da ya fara ɓarewa, da gilashi a gabansa. Ɗakin wasu talakawan Ingila ne. A hagu wata dattijuwa tana zaune gaban fitila, ta juya fuskarta ga bango. A dama ƙofa a buɗe, wani saurayi yana tsaye da hula a hannu, kwat ɗinsa ta yage, wuyan kwalba ya leƙo daga aljihu, a bayansa ƙanƙara tana zuba. Akwai kare a ƙasa ya ɗaga kai, akwai agogo a bango. Tsakanin uwar da ɗan kuwa duhu ne baƙi ƙirin, kuma cikin duhun nan hannun matar ya miƙo baya, tafin yana kallon ƙasa.

Mai Lofe bai bar Baba ya tafi ba sai da ya karanta masa zanen, kuma Baba ya haddace karatun ya yi ta maimaita wa baƙi har ya tsufa. A faɗar Bature, wa'azi ne aka yi da fenti. Yaron ya ƙi jin magana, ya tafi birni, giya da caca sun cinye shi, ya dawo hannu wofi. Agogon ya tsaya, wato lokacin tuba ya wuce. Hannun da uwar ta miƙa korarsa take yi. Kakan Mai Lofe ne ya sayi zanen, kuma wai lokacin da aka fara nuna irinsa a ƙasarsu mata sun tsaya gabansa suna share hawaye, wasu masu rubutu a jarida suka ce kowane gida ya kamata ya rataya ɗaya, wasu kuma suka ce mai zanen ya ajiye fenti ya je coci ya nemi aikin wa'azi, can ne gwanintarsa take. Kafin zamanin Mai Lofe ya zo, yayi ya juya, zanen ya koma abin dariya a wurin masu ilimin abin. Ashe dai abin da aka gaji da shi aka ba Baba, kuma Baba ya san haka.

To, abin da zanen ya sha a hannun masanan Ingila kaɗan ne a kan wanda ya sha a Angwan Rukuba. Baba da kansa ya fara. Ya ce shi bai damu da kwalba ba, teburin ya duba, ya ga burodi guda busasshe, babu tukunya a wuta, ya ce wannan gida ko shi ne da ya gudu. Telan bakin layi ya shigo ya ce hannun kwat ɗin ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a nan lalacewar yaron ta fara. Maƙwabcinmu Baba Istifanus, mai wa'azi a cocin unguwa, ya ce labarin ɗan da ya ɓata ne na cikin Linjila, sai dai mai zanen rabi ya karanta ya rufe littafin, domin a can da yaron ya dawo yanka aka yi masa. Limamin masallacinmu ya ɗaure fuska ya tuna mana hukuncin hoto a ɗaki, sannan ya tsaya ya daɗe yana kallo, da zai fita ya tambayi Baba a hankali ko Baturen ya faɗi abin da karen yake jira.

Yaya dai ta ce a kai mata shi ɗakinta, ta nuna bangon da ke fuskantar ƙofa, ta sa aka rataye shi ƙasa-ƙasa, ya ɗan sunkuyo gaba yadda ake rataye hotuna a da. Ta ajiye kujerarta 'yar tsugune a gefensa. A nan take tsince acha, a nan take ɗinkin hula, a nan take lazimi, bayanta ga ƙofa. Ni kuma wurin cin abincina tabarma ce a bakin ƙofar daga ciki, inda haske yake shigowa. Haka muka rayu. Ina ci ina kallon ƙeyarta, tana kallon ɗan wata Baturiya da bai san tana duniya ba.

Tana da wasu halaye game da zanen da suka ishi Baba. Kowace safiya sai ta goge gilashin da gefen zaninta, ko tsakar gida ba a share ba. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ta ce laima tana hawa bangon, a ɗaga ƙusar sama kaɗan. Baba ya ɗauko guduma yana mita, ya ce bangon nan shi ya gina shi, babu wata laima, ta ce a dai ɗaga. Sau ɗaya iska ta buga ƙofa zanen ya faɗo gilashin ya tsage. Matar da ba ta taɓa roƙon Baba ko ɗankunne ba ta hana shi sakat, sai da ya ɗora shi a keke ya kai wa mai yankan gilashi a Dilimi. Kwanakin da zanen ba ya nan a ɗakin Goggo aka riƙa ba ni abinci.

Abin da ya fi yi mini ciwo ƙanwata Hadiza ce ta faɗa mini, ita ko a jikinta. Ina makarantar kwana a lokacin. Ta ce ai idan ba na nan Yaya kujerarta ƙofa take fuskanta kamar ta kowa, tana hira tana dariya, zanen har ƙura yake yi. Ranar da aka ce zan dawo hutu sai ta goge gilashin ta juya kujerar ga bango. Na yi dariya a gaban Hadiza, na fita na hau wani dutse a bayan unguwa na zauna har la'asar. Tun daga ranar na fara kishi da yaron mai yagaggiyar kwat. Shi mashayi ne, ni ina zuwa na ɗaya a aji, amma shi ake kallo.

Sau ɗaya tak na ji ta yi magana a kan zanen. Na riga na fara koyarwa, na zo da wani abokina, Dakta Bala, malamin fasaha a jami'a, mutumin kirki mai son magana. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nemi izini, ya sa tabarau ya bi zanen lungu-lungu. Ya ce kwafi ne, wataƙila wani ɗalibi ya kwaikwayi aikin malaminsa. Ya ce irin waɗannan zane-zanen an yi yayinsu, an raina su, yanzu kuma wasu sun fara waiwayarsu don su ga yadda mutanen wancan zamani suke tsoron talauci da giya. Ya ce an rataye shi ƙasa da yawa, kuma gilashin nan yana ɓata shi, da a cire. Da ya zo kan hannun sai ya faɗi abin da Mai Lofe ya faɗa, cewa kora ce.

Yaya tana tsince acha, ba ta juyo ba, ta ce, "Ɗanta na fari ne, shi ya sa."

Dakta ya yi murmushi ya ce, "Mama, ai Turawa ba su da wannan kunyar."

Ta ce, "To, su suka sani. Gilashin dai a bar mini shi."

Har gobe ina ganin Dakta ya yi gaskiya a kan Turawa. Mai zanen nan bai taɓa jin labarin kunyar ɗan fari ba, wa'azinsa yake yi. Maganar Yaya kuma ba ta sanyaya mini rai ba a ranar. Na dubi yaron na ga ko kora ce ko kunya ce, shi dai yana tsaye a cikin sanyi, ba wanda ya ce masa shigo.

Ta rasu bayan gajeruwar jinya, Hadiza ce a kanta, ni ina bakin ƙofa inda na saba. Shekara ta zagayo garin ya kama da wutar rikicin addini. Ba sai na maimaita wa mutanen Jos abin da ya faru ba, kowa yana da wanda ya rasa. Mu Allah Ya tsare mu ta hannun Mama Rifkatu, matar marigayi Baba Istifanus, aminiyar Yaya, wadda ta kulle mu a ɗakin ajiyar hatsinta ta zauna a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Da ƙura ta lafa sai muka yi abin da mutane da yawa suka yi. Ɗan Mama Rifkatu, Bitrus, yana da gida a Dilimi da ba zai iya kwana a ciki ba, mu ma namu ya gagare mu, sai muka yi musanya. Ranar kwashe kaya ƙanena, wanda ya fi mu riƙo da karatun malamai, ya ce zanen ba zai shiga sabon gida ba. Ban yi masa gardama ba. Muka bar shi a kan ƙusarsa.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga yau. Babbar kasuwar da take sayen acha ta ƙone. Ɗan acaɓa sai ya dubi hularka kafin ya yanke shawarar ko zai kai ka inda ka ce. Ita da take aika naman Sallah ta kan katanga, shinkafar Kirsimeti ta dawo a kwanon, da wane baki za a gaya mata cewa yanzu sai an yi shawara kafin a je gaishe da Mama Rifkatu? Ina jin mayafi kawai za ta ɗauka ta tafi ba tare da ta tambayi kowa ba.

Wani lokaci kuma tunanin dariya yake ba ni. Maiɗakina tun daga bakin titi take ƙwala wa ɗanmu na fari kira, Sadiƙ, Sadiƙ, idan zai koma makaranta ta rungume shi a tasha a gaban direbobi. Da Yaya ta gani da ta rufe fuska da mayafi ta nemi tsari. Ga kuma wayar salula da ta zo bayanta. Ina raya yadda zan kira ta, ta ga ni ne, ta miƙa wa Hadiza da sauri kamar ta ɗauki garwashi, sannan ta matso da kunne kusa tana yin kamar gyaran ɗankwali take yi. A mafarki ma haka take zuwa mini. Ina ganin ɗakin, ina jin ƙamshin gwate, faten achan nan namu na Jos, ruwa yana sauka a kwanon rufi, ita tana zaune ta ba ni baya. Nakan ce yau dai za ta juyo, sai in farka.

A farkon daminar nan Bitrus ya kira ni. Ya ce za su yi wa gidan sabon shafe da fenti, Mama ta hana a taɓa ɗakin Yaya, ta ce sai Haruna ya zo da ƙafarsa. Na ce ina zuwa, na yi ta ɗagawa. Ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji, kuma ban tabbata unguwar nake tsoro ko ɗakin ba. Wata safiyar Asabar da ruwa ya ɗauke na shiga tasi na sauka a mahaɗa, na cire hulata na cusa a aljihu, na taka. Komai ya ƙanƙance. Dutsen da na hau ranar maganar Hadiza an gina shago a jikinsa. Wata mata mai suyar ƙosai ta bi ni da kallo, sai na ji ta ce, "A'a, ba ɗan gidan Baba Kuku ba ne?" Na fito da hular na mayar a kaina, kunya ta kama ni.

Mama Rifkatu ta tsufa ƙwarai, da sanda take tafiya. Ta riƙe hannuna ta yi ta jijjigawa, ta tambayi Hadiza da yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini faɗan rashin zumunci, na amsa laifi. Sannan ta ja ni ɗakin. Ba su canja komai ba sai labule. Zanen yana nan, ya sunkuyo gaba, gilashin fes, kujerar tana gefensa. Ƙafafuna da kansu suka nufi bakin ƙofa, wurin tabarma.

Ta ce, "Ba can ba. Zo nan, kujeran maman ka. Zauna yadda yake zauna."

Na zauna. Ban taɓa zama a kan kujerar nan ba a rayuwata. Ta kira Bitrus, wanda sa'ana ne kuma tsawonmu ɗaya, ta ce ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Ya zauna yana dariya, shi ma bai san abin da take nufi ba.

Ta ce, "Kar ka duba hoto. Duba gilas."

Da farko dattijuwar na gani, da fitila, da yaron. Sai idona ya sauka kan duhun da ke tsakaninsu, inda fenti ya fi baƙi, inda Dakta ya ce gilashi yana ɓata aiki. A wurin gilashin ya zama madubi. Hasken ƙofa yana ciki, labule yana motsi, ga Bitrus zaune, fuskarsa tar, har ina ganin ƙiftawar idonsa. Kuma hannun matar, hannun nan da Bature ya ce na kora ne, yana bisa kan Bitrus daidai, tafin a kan gashinsa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Na ji Mama Rifkatu tana magana kamar daga nesa. Ta ce ita ma ba gaya mata aka yi ba, wata rana ce ta shigo ta zauna a kujerar ina cin abinci, ta ɗaga kai ta gani. Yaya ta kama mata hannu ta sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba muddin ita Yaya tana raye. Bayan rasuwar kuma ta yi ta jiran in zo, gari ya raba mu. Ta ce duk lomar da na kai baki a ɗakin nan a idon Yaya na kai ta, ta san ranar da na ci da yawa, ta san ranar da na tsakura, ta san ranar da haƙorina ya fita. Ranar da Dakta ya ce a cire gilashi, da yamma Yaya ta shiga wurin Mama Rifkatu ta kai mata kukanta.

Sannan ta ce wa Bitrus ya sauke zanen. A bayansa bangon ya fi sauran haske, kuma a tsakiya ga ramukan ƙusa a jere, ɗaya bisa ɗaya, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba. Babu laima ko ɗigo a bangon, Baba ya yi gaskiya. Ni ne nake girma, kaina yana fita daga ƙarƙashin hannun, ita kuma tana sa a ɗaga don ya koma. Na sa yatsa a ramin ƙasa, na lokacin da nake bin keken Baba, na bi su sama har na ƙarshe. A nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Bitrus ya fita ya ba ni wuri, Mama Rifkatu ta zauna a bakin gado tana cewa, "Yi, yi abin ka, ba kowa."

Na sha tambayar kaina tun daga ranar ko da ta faɗa mini da ya fi. Ina jin da ya fi. Yaron da ya hau dutse ya zauna har la'asar bai cancanci wannan jiran ba, kuma ban ce maiɗakina ta daina kiran Sadiƙ a bakin titi ba. Amma ba zan iya ganin laifin Yaya ba. An ba ta al'ada ta riƙe, ta riƙe ta ba tare da ta karya ko gefe ba, sannan ta nemo wa sonta hanya ta cikin wa'azin wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakarta. Mutane da yawa sun faɗi ra'ayinsu a kan zanen nan, daga masu jaridar Ingila har telan bakin layi, kuma kowa da gaskiyarsa. Ita kaɗai ce ban ji ta yaba ko ta kushe ba, amfani ta yi da shi.

Bangon an shafe shi yanzu. Bitrus ya tambaye ni ko a bar wurin, na ce a'a, gidansu ne, kuma ramukan sun gama aikinsu. Zanen na ɗauko shi a tasi, na rungume shi a cinya har Dilimi. Ƙanena ya gan shi ya buɗe baki, na ba shi labarin, ya rufe, ya tafi masallaci. Na jingine shi a bayan kujera a falo, ya yi makonni a nan, domin ban san inda zan rataye shi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Sadiƙ ya dawo hutu daga jami'a. Ya ƙara tsawo, ya fara ajiye gemu, kuma ya kai shekarun da idan na kalle shi kai tsaye sai ya sunkuyar da kai ya ce lafiya, Baba. Uwarsa ta zuba masa abinci, ya ɗauka ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar falo don ya sha iska, bai san wurin wa ya zauna ba. Na tashi na ɗauko guduma da ƙusa. Na ɗaga zanen a bangon da ke fuskantar ƙofa, na sauke shi kaɗan, na matsa da shi hagu, na koma kujera na duba, na sake tashi. A karo na uku hannun ya sauka.

Ya ce, "Baba, me kake kallo a tsohon hoton nan haka?"

Sunansa yana bakina, kullum ina faɗinsa. Ban juyo ba, na ce, "A ci abinci kada ya huce."